Yaya rayuwar ɗalibi take a makarantar sojan jinya ta Amurka?

Tambayar ta fito ne daga wani matashi haifaffen Kano da ke zaune a Amurka da takardar zama ta dindindin. Ya sa hannu a kwantiragin shiga rundunar sojan ƙasa, an ba shi aikin jinya mai lamba 68W, kuma yana son ya san yadda rayuwa take a lokacin horon, ko karatun yana da wuya, ko zai fito a matsayin likita, da kuma yadda zai yi da salla da azumi.

Ƙanena, na yi wannan aiki, daga baya kuma na koyar da shi, saboda haka zan fara da gyara abin da ya fi rikita 'yan'uwanmu idan sun ji an ce an ba yaro aikin asibiti a soja. Ba likita za ka zama ba, ba kuma nas ba. Za a horar da kai ne domin ka riƙe mutumin da harsashi ko bam ya ji wa rauni a cikin mintunan farko, a wurin da babu gado, babu wutar lantarki, babu kuma wanda ya fi ka sanin aikin, har ya isa hannun likitan tiyata da ransa. Duk abin da za ka gani a makarantar, tun daga tashin asuba har zuwa tsawar malamai, a kan wannan buƙata aka gina shi, kuma in ka riƙe haka a ranka, abubuwa da yawa da za su yi maka kama da takura za ka gane dalilinsu.

Kafin ka ga ƙofar ajin jinya sai ka fara zama soja. Za ka yi mako 10 na horon kurata a ɗaya daga cikin barikokin da ake yin sa, irin su Fort Jackson a jihar Karolina ta Kudu, ko Fort Sill a Oklahoma, ko Fort Leonard Wood a Mizuri, inda za ka koyi fareti da harbi da tafiyar ƙasa da kaya a baya. Daga nan za a kwashe ku zuwa barikin Fort Sam Houston da ke birnin San Antoniyo a jihar Teksas, cibiyar koyar da aikin lafiya ta sojan Amurka, kuma a can za ka yi mako 16. Da yawa suna isa da tunanin cewa wahala ta ƙare, sai su tarar har yanzu akwai sajoji a kansu, ba a zuwa ko'ina sai da abokin tafiya, kuma izinin fita gari ko sa kayan gida kaɗan-kaɗan ake ba da shi, ana kuma iya janye shi daga rukuni gaba ɗaya saboda laifin mutum guda.

Ranar aiki tana farawa wajen ƙarfe huɗu da rabi zuwa biyar na asuba. Za a jera ku a ƙirga, a yi motsa jiki na kusan awa guda, sannan wanka da karin kumallo a gaggauce, sai a nufi aji a jere ana waƙar fareti. Karatu yana cinye yinin gaba ɗaya in ban da hutun cin abincin rana. Da yamma ga shara da goge-goge da duba ɗakuna, ga wata ƙirga kafin a kashe fitila, a wasu dararen kuma za a tashe ka tsakar dare ka yi gadin awa ɗaya ko biyu. Ɗan abin da ya rage tsakanin waɗannan shi ne lokacin bitarka, shi ya sa barci ya zama babban abin da ɗalibi yake fama da shi a makonnin farko. A kowane aji za ka ga mutum uku ko huɗu a tsaye a bayan ɗaki, littafi a hannu, gorar ruwa a gefen ƙafa, domin al'adar wurin ita ce wanda ya ji gyangyaɗi ya tashi ya tsaya da kansa kafin malami ya gan shi. Kada ka ji kunyar wannan tsayuwa, domin darasin da ya wuce ka kana gyangyaɗi ba za a dawo a maimaita maka shi ba.

Kwas ɗin kashi biyu ne, kuma kashin farko, makonni shida zuwa bakwai, babu ruwansa da yaƙi. Ana koya maka aikin ma'aikacin motar asibiti na farar hula, mutumin da ake kira idan wani ya yanke jiki ya faɗi ko aka yi hatsarin mota. Za a miƙa maka littafi mai shafi fiye da dubu, a bi da kai ta sassan jikin ɗan Adam da sunayensu, da ciwon zuciya, da asma, da ciwon suga, da farfaɗiya, da shan guba, da karɓar haihuwa, da yadda jikin jariri ya bambanta da na babba. Abin da kwalejojin gari suke koyarwa a zangon karatu guda, kai za a ɗura maka shi a ƙasa da wata biyu, ana yi ana jarrabawa kusan kowane mako. A nan masu faɗuwa suka fi faɗuwa, kuma sau da yawa ƙarfafan samarin da suka yi fice a horon kurata su suke shan wuya, domin sun zo da shirin gudu da harbi sai aka zaunar da su a kujera.

Ƙarshen wannan kashi shi ne jarrabawar hukumar rajistar ma'aikatan agajin gaggawa ta ƙasa, wadda soja da farar hula duk ita suke zaunawa. A kwamfuta ake yin ta, tambaya 70 zuwa 120 cikin awa biyu, kuma kwamfutar tana auna ka ne tana tafiya: in ka amsa daidai ta ƙaro mai wuya, in ka kuskure ta sassauta, har ta tabbatar da matsayinka sannan ta rufe. Shi ya sa kusan kowa yake fitowa da jin cewa ya faɗi, har waɗanda suka ci. Hadda kaɗai ba ta fitar da mutum, domin za a ba ka labarin mara lafiya da amsoshi huɗu, sau da yawa biyu daga ciki suna kama da daidai, a ce wanne za ka fara yi. Ga wanda ya yi karatu a gida, inda aka saba a haddace a zuba a takarda, wannan sabon abu ne, kuma Turancin da kake yi a wurin aiki daban yake da na littafin nan, wanda yawancin kalmominsa na likitanci daga Latin da Girkanci aka aro su. Shawarata ita ce ka nemi littafin koyon agajin gaggawa tun yanzu, ka karanta babin sassan jiki da na numfashi da na zuciya kafin ka tafi, ka kuma saba da irin waɗannan tambayoyi. Ana ba da damar zama jarrabawar har sau uku. Wanda ya kasa jarrabawar aji ana iya mayar da shi baya ya bi rukunin da ke tafe, wanda kuma damarsa ta ƙare sai a canza masa aiki zuwa inda rundunar take da buƙata, ko tuƙi ko girki ko wani abu, alhali kwantiraginsa yana nan daram.

Kashi na biyu shi ne ainihin aikin, kuma yana da tarihin da ya kamata ka sani. A watan Oktoba na 1993 sojojin Amurka 18 suka mutu a faɗan Mogadishu, inda masu jinyarsu suka tarar cewa ƙa'idodin da aka koya musu an tsara su ne domin titunan birni, inda babu mai harbin ma'aikaci, mota tana cike da kaya, asibiti kuma yana kusa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka rasu matashi ne da harsashi ya same shi can saman cinya, aka yi sa'o'i ana danne wurin da hannu, babu halin fitar da shi, har jininsa ya ƙare. A 1996 wani likitan sojan ruwa, Frank Butler, da abokan aikinsa biyu suka wallafa sabon tsarin kula da mai rauni a fagen daga, wanda shi ne tushen abin da za a koya maka, kuma rundunonin ƙasashe da yawa sun ɗauke shi. Daga baya alƙaluma suka tabbatar da hujjarsu. Binciken da Kanar Brian Eastridge ya jagoranta, wanda aka buga a 2012, ya duba mutuwar sojoji 4,596 a Iraƙi da Afganistan tsakanin 2001 da 2011, ya gano cewa kashi 87 cikin 100 sun cika ne kafin su isa asibiti. Kusan ɗaya cikin huɗu na waɗannan raunukansu irin waɗanda ake iya tsira daga gare su ne, kuma tara cikin goma na wannan kaso zubar jini ce ta kashe su. Babban mutum yana da jini kimanin lita biyar, in ya rasa biyu ya shiga mummunan hali, kuma babbar jijiyar cinya in ta tsinke tana iya kashe shi cikin minti uku zuwa biyar. Babu jirgin da zai iso cikin wannan lokaci, sai wanda yake kusa da shi.

Saboda haka abin da hannunka zai fi taɓawa shi ne maɗaurin tsayar da jini. Ɗamara ce mai faɗin inci ɗaya da rabi, da ɗan sanda da ake murɗawa. Za ka zura ta a hannu ko ƙafa sama da raunin, ka ja ta iya ƙarfinka har kan yatsu uku ba za su shiga ƙarƙashinta ba, sannan ka murɗa sandan har jini ya tsaya, bugun jijiya kuma ya ɗauke a ƙasan wurin, ka saƙale sandan a mazauninsa, ka rubuta lokaci a jikinta. Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne su fara murɗawa tun ba su ja ɗamarar ta kama ba, sai sanda ya yi ta juyawa jini yana ci gaba da zuba. A da ana koyar da cewa maɗauri sai an rasa yadda za a yi, don tsoron kada a rasa ƙafa, kuma sai wajen 2005 aka fara raba shi ga kowane soja, bayan an ga yawan waɗanda suka mutu da raunin hannu ko ƙafa kawai. Za ka ɗaura wa mutum-mutumin roba, ka ɗaura wa abokinka, ka ɗaura wa kanka da hannu ɗaya, a tsaye da kwance, da rana da cikin duhu, ana duba agogo ana son ka gama ƙasa da minti guda. Yana da zafi ƙwarai, kuma da gangan ake so ka ɗanɗana shi a jikinka, domin ranar da mai rauni zai roƙe ka ka sassauta, ka san cewa zafin nan ba alamar kuskure ba ne. Maimaitawar kamar ta almajiri ce da allonsa, ana yi har abu ya zauna, kuma dalilinta shi ne idan tsoro ya kama mutum zuciya tana bugawa da sauri, yatsu suna rawa, tunani yana tsukewa, ba abin da yake saura a hannunsa sai wanda ya riga ya zama jiki.

Bayan jini mai ambaliya, akwai jerin da za ka haddace ka kuma bi shi ba tsallake: hanyar numfashi, sai ƙirji, sai zagayawar jini, sai kare mutum daga sanyi da duba raunin kai. Inda maɗauri ba ya kamawa, wato hammata da wuya da matsematsi, za ka cusa wani ƙyalle mai maganin daskarar da jini can cikin raunin da yatsunka har ka taɓo inda jinin yake fitowa, sannan ka danne da nauyin jikinka minti uku cur, ba ɗagawa don leƙawa. Raunin ƙirji ana manna masa wata leda ta musamman, in kuma iska ta taru a cikin ƙirjin tana matse huhu da zuciya, sai a soka doguwar allura tsakanin haƙarƙari iskar ta fita. Za ka koyi tsaga maƙogwaro ka sa bututu ga wanda fuskarsa ta farfashe har iska ba ta wucewa, da huda ƙashi a ba da ruwa ko magani ta cikinsa idan jijiyoyi sun ɓace, da ba da maganin da ke hana gudan jini narkewa, wanda amfaninsa yana cikin awa uku na farko. Za ka ji dalilin da ya sa yanzu aka fi son ƙarin jini a kan ƙarin ruwan gishiri ga wanda ya zubar da jini mai yawa, domin ruwa yana tsinka ɗan jinin da ya rage, ba ya kuma ɗaukar iskar numfashi. Abin da yake ba sababbin ɗalibai mamaki shi ne lulluɓe mai rauni da bargo ko da ana tsananin zafi, amma jikin da ya rasa jini ba ya iya riƙe ɗuminsa, jinin da ya yi sanyi kuma ba ya daskarewa yadda ya kamata. Sai bayan duk wannan ake zuwa ga maganin zafi, da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da sauran raunuka, da karan ɗori ga karaya.

Sa allurar ƙarin ruwa a jikin junanku za ku koye shi. Za ka miƙa hannunka ga yaron da bai taɓa huda kowa ba, kana kallon allurar tana rawa a hannunsa, in ya wuce jijiyar wurin ya kumbura ya yi baƙi na kwanaki, an jima kuma kai ne za ka riƙe allurar shi ya miƙo nasa. Akan samu wanda zai suma a ranar farko, kuma babu mai yi masa dariya da gaske, domin kowa ya san nasa layin yana zuwa. Ka sani kuma maza da mata tare ake horarwa, za ka duba abokiyar karatunka ita ma ta duba ka, kuma a aikin gaske mai rauni da almakashi ake yanke tufafinsa domin kada wani rauni ya ɓuya. Gara ka shirya wa wannan a ranka tun daga gida.

Akwai darasin da na ga ya fi yi wa ɗalibai nauyi, musamman masu tausayi, waɗanda kuma su suka fi dacewa da aikin. Idan aka harbi ɗan'uwanka a fili ana ci gaba da ruwan wuta, ba za ka ruga wurinsa ba. Za ka fake, ka mayar da wuta tare da sauran, ka ɗaga murya ka ce masa ya ja jiki zuwa mafaka ya ɗaura wa kansa maɗauri, tunda kowane soja yana ɗauke da nasa. Dalilin a fili yake, domin mai jinya ɗaya ne a cikin mutum talatin zuwa arba'in, in ya faɗi masu rauni sun zama biyu, sauran kuma ba su da kowa. Haka nan idan masu rauni suka fi ƙarfin hannu, za ka raba su kashi huɗu: waɗanda za su mutu in ba a yi musu wani abu yanzu ba, da waɗanda za su iya jira, da masu ƙaramin rauni da za su iya taimakon kansu, da waɗanda rauninsu ya fi ƙarfin abin da ke jakarka. Na ƙarshen nan ana rage musu zafi, ana sake duba su, ba a barin su su kaɗai in da hali, amma kaya da lokaci suna tafiya ne ga wanda za a iya ceta. Danna ƙirji don farfaɗo da zuciya da ka sha wahalar koyo a kashin farko ma, a nan za a ce maka ba a yi wa wanda bam ko harsashi ya tsayar da zuciyarsa da numfashinsa a fagen daga, domin jikin da jini ya ƙare a cikinsa babu abin da dannawa za ta tura. Ni da kai mun yi imani cewa rai a hannun Allah yake, amma zaɓin inda za ka sa hannuwanka biyu a kanka aka ɗora shi, kuma ina ganin ya kamata mutum ya zauna ya yi tunanin wannan da kyau kafin ya tsinci kansa a ciki.

Kwanakin ƙarshe a sansanin Camp Bullis ake yin su, wani daji mai duwatsu da gajerun itatuwa a arewa maso yammacin San Antoniyo. A can za ka sa hular kwano da rigar sulke, bindiga a kafaɗa, jakar magani a baya, a tura ku cikin hayaƙi da ƙarar harbi da kururuwa, ku tarar da mutum-mutumi masu fitar da jinin roba da kuma ɗalibai da aka shafa wa jan ruwa suna ihu. Za ku ja mai rauni zuwa mafaka, ku huɗu ku ɗauke shi a gadon ɗaukar masu rauni ku yi tafiya da shi a kan duwatsu har hannuwa su mutu, malami yana biye da ku da agogo da takarda. Akwai matakan da in ka tsallake ɗaya ka faɗi gwajin nan take, komai kyawun sauran aikinka, kamar maɗaurin da bai tsayar da jini ba ko raunin baya da ba ka juya mutum ka gani ba. Za ka cika katin da ake ɗaura wa mai rauni, wanda ke nuna abin da ya same shi da abin da aka yi masa da lokacin da aka yi, domin likitan da zai karɓe shi bai ga komai ba sai abin da ka rubuta. Za ka kuma kira jirgi mai saukar ungulu ta rediyo da saƙo mai layi tara, wanda ya fara da wurin da kuke, da yadda za a same ku, da yawan masu rauni gwargwadon tsananin halinsu.

Kada ka ɗauka jirgin zai zo kullum. A 2009 sakataren tsaron Amurka Robert Gates ya ba da umarnin a riƙa kai mai mummunan rauni ga likitan tiyata cikin awa guda a Afganistan, kuma hakan ya yiwu ne saboda sararin sama yana hannunsu. Yaƙin Yukiren tun daga 2022 ya nuna wani abu daban, inda jirage marasa matuƙa suke hana fitar da mai rauni sa'o'i masu yawa, wani lokaci kwanaki. Shi ya sa ake ƙara ba da ƙarfi ga sake duba maɗauri cikin awa biyu domin a ga ko bandeji zai iya maye gurbinsa, tunda barin sa ya daɗe ba bisa buƙata ba yana jawo yanke ƙafar da za a iya tsirar da ita.

Za a karantar da kai Yarjejeniyar Jeniba ta 1949, wadda ta ba ma'aikatan lafiya kariya, ta yarda su riƙe makami domin kare kansu da masu rauninsu, ta kuma wajabta kula da duk mai rauni ba tare da bambanci ba, babu abin da zai sa a fara da wani kafin wani sai tsananin rauninsa. Ma'anar wannan ita ce wanda ya harbe ku ɗazu, in ya faɗo hannunku da rauni, majinyacinka ne kamar kowa. Ka kuma tuna cewa jimillar wajibcin kwantiragin soja shekara takwas ce, tsakanin aikin yau da kullum da zaman jiran kira, kuma ba kai za ka zaɓi ƙasar da za a tura ka ba.

Game da ibada, dokar rundunar ta ba soja damar neman a sauƙaƙa masa yin addininsa, kuma a kowace bataliya akwai jami'in kula da addini wanda aikinsa ne ya taimaka wa kowa ko da ba addininsu ɗaya ba. Ka same shi a makon farko, ka kuma sanar da sajenka cikin ladabi tun ba a kai ga matsala ba. Asuba da magariba da lisha yawanci ba sa wahala, azahar tana shiga hutun cin abinci, la'asar ce take buƙatar dabara. Juma'a tana faɗowa a lokacin aji, wani lokaci a ba ka izini, wani lokaci jadawali ya hana. Naman alade yana da yawa a ɗakin cin abinci, amma akwai kifi da ƙwai da wake da ganye, kuma rundunar tana da abincin daji na halal a cikin leda, sai dai sai an nema da wuri kafin a fita. A 2026 da 2027 azumi yana kamawa ne daga Fabrairu zuwa Maris, lokacin sanyi da gajeren yini a Teksas, amma duk da haka ka tambayi malamin da ka amince da shi hukuncin azumi a kwanakin daji, da hukuncin ƙarin ruwan da za a yi maka a aji, ka tafi da amsarka a hannu.

Akwai wani abu na lafiya da ya shafe mu musamman. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da nau'in jini na AS, wato ya gaji sikila daga ɓangare ɗaya na iyaye, kuma tun 2020 rundunar take gwada kurata a kan haka. Ba ya hana shiga soja, amma mai shi yana iya yanke jiki ya faɗi in ya takura kansa a gudu mai tsanani, musamman cikin zafi da ƙishirwa. In kana cikinsu, da ka ji ƙafafu sun yi nauyi ko ciwo ya kama su ba gaira ba dalili, ka tsaya ka faɗa, kada ka ce za ka daure. Kada kuma ka ce kai ɗan Kano ne ka san zafi, domin zafin San Antoniyo a Yuli da Agusta da laima yake zuwa, gumi ba ya bushewa, ga rigar sulke a jiki. Ka sha ruwa, amma kada ka wuce kimanin lita ɗaya da rabi a awa guda, domin yawansa ma yana tsinka gishirin jiki har ya kwantar da mutum.

Idan ka gama, za a tura ka ko dai rundunar faɗa ko asibiti ko ƙaramin ɗakin magani na bariki, kana aiki a ƙarƙashin likita ko mataimakin likita. Yawancin ranakunka ba harbi a cikinsu, sai bororon ƙafa da targaɗe da gudawa da mura da allurar rigakafi da cika takardu, da kuma yaron da zai ja ka gefe da dare ya faɗa maka damuwar da bai faɗa wa kowa ba. Takardar da ka fita da ita ta ma'aikacin agajin gaggawa ce ta matakin farko, ana sabunta ta duk shekara biyu, kuma a wajen soja ba ta ba ka izinin yin yawancin abin da ka koya a kashi na biyu. In likitanci ne burinka, hanya tana nan: akwai horon jinyar cikin jirgi, akwai kuma kwas ɗin mataimakin likita na wata 29, wanda kashinsa na farko a wannan bariki na Fort Sam Houston ake yin sa, ana fita da digiri na biyu da muƙamin hafsa. Yana buƙatar zama ɗan ƙasa da kuma darussan jami'a na kimiyya, saboda haka ka fara neman takardar ɗan ƙasa da wuri, ka kuma fara tara darussan tun daga barikinka na farko, tunda rundunar tana biyan wani kaso na kuɗin karatun.